Littattafan da ke kwance a adaka, da yaran da ke jiransu a Gafasa

Ranar da muka buɗe adakar kawuna, bayan an yi addu'ar arba'in, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara dukan hancinmu. Kawu ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Gaya da Ajingi, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san in albashi ya shigo, sai ya ware kuɗin littafi kafin ya auni hatsi. Adakar ta ƙarfe ce, irin wadda ake kai amare da ita a da, tana jingine da bango a ƙuryar ɗaki. Daga sama komai lafiya lau. Ga Magana Jari Ce, ga Ruwan Bagaja, ga Shaihu Umar, ga littattafan lissafi da na labarin ƙasa, kowanne da sunansa a shafin farko da jan biro. Da muka ɗage sahun farko sai jikinmu ya yi sanyi. Ashe tsatsa ta huda gindin adakar, gara ta bi ta nan ta shiga, ta gina hanyoyinta na laka tun daga ƙasa har tsakiya. Ka ɗauki littafi, bangon ya biyo hannunka, cikin ya zube kamar dusa. Abin da ya tsira bai kai rabi ba.

Matarsa tana zaune a bakin ƙofa tana kallonmu. Ta ce mana Malam ya sha cewa zai kai su makaranta yara su amfana, amma kullum sai ya fasa, don ya san in ya kai, ko a kulle su a sito, ko a yi wasoson su cikin mako guda. Ya riƙe su don kada su salwanta, suka salwanta a hannunsa.

Tun daga ranar nake tunanin adakoki nawa ne irin wannan a gidajenmu, da kwalaye nawa ne a saman sif a gidajen 'yan bokonmu da ke zaune a birni, alhali ga yara a Gafasa da Toranke da Balare da Gurduba da za su gama firamare ba su taɓa riƙe littafin labari nasu na kansu ba.

Gafasa mazaɓa ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano, dab da iyakar Jigawa. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 170,000 a Ajingi, maƙwabciyarta Gaya kuma sama da 200,000, kuma kowa ya san yadda aka hayayyafa daga wancan lokaci zuwa yau. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, ta gero da dawa da gyaɗa da riɗi. Ƙasa ce kuma mai tsohon tarihi, domin labarin kafuwar Kano kansa yana cewa maƙeran farko da suka sauka a Dala suna neman tama daga Gaya suka fito. Ba a bar ta a baya ba wajen fitar da manyan mutane: Kabiru Ibrahim Gaya ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, Abdul'aziz Garba Gafasa kuma ya shugabanci Majalisar Dokokin jihar har sau biyu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa a Wudil, wadda yanzu take amsa sunan Aliko Dangote. Watau dai ba mutanen da suka yi karatu aka rasa ba.

Amma babban ɗakin karatun jama'a na jihar, wato Laburaren Murtala Muhammad, yana can cikin birnin Kano. Yaron Gafasa da ke son zuwa can sai ya biyo ta Gaya da Wudil, ya kashe rabin yini a hanya, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa da zai ishi gidansu cefanen kwanaki. Yarinya kuwa maganar ma ba ta tasowa. Abin da ya rage musu shi ne littafin da ya zo inda suke. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano. Ana gyara ajujuwa, ana ɗaukar malamai, kuma duk abin so ne. Sai dai yaro ba ya ƙwarewa a karatu da abin da aka rubuta a allon bango kawai. Sai ya samu abin da zai kwanta da shi a tabarma, ya karanta don daɗi, ya maimaita har ya haddace.

Mun taɓa sanin yadda ake yi

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne bayar da littafi don jama'a ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Shiga kowane masallacin Juma'a a ƙasar Gaya ka duba taga ko ɗan kantan da ke kusa da mumbari. Za ka tarar da Alƙur'anai an jera, a cikin bangon wasu an rubuta cewa waƙafi ne, Allah ya kai ladan ga wane ko wance. Ba mai ɗauka ya kai kasuwa. Ladani ko na'ibi yana kula da su, yana kaɗe ƙura, in wani ya yayyage a cire shi a adana. Malamanmu na zaure suna kiran wannan hubusi, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, har da littattafai. Ɗalibi yakan ari Iziyya ko Risala a wajen malaminsa, ya kwafe da hannunsa, ya mayar a cikin tadarishinta, a sa a gafaka a rataye a inda gara da ɗigon rufi ba za su kai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, bai bar littattafansa a baya ba. Can Tumbutu, Ahmad Baba yana da littattafai 1,600 lokacin da sojojin Maroko suka kama shi a 1593, kuma an ruwaito yana ganin nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa.

Dubi abin da hubusi ya ƙunsa. Akwai wanda ya bayar, akwai wurin da aka ajiye, akwai mai kula da aka sani da suna, akwai kuma tsoron Allah da ke hana a taɓa. Kawu yana da niyyar bayarwa. Wurin da mai kulawar ne bai samu ba.

Ko a ɓangaren boko an taɓa yin hoɓɓasa. Tun shekarun 1940 hukumomin En'e suka riƙa buɗe ɗakunan karatu a garuruwan hakimai, inda mutum zai zauna ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, ana kai su har kasuwannin ƙauye. Mutanen wancan zamani sun gane cewa in ka koya wa manomi haɗa baƙi da wasali, ka bar shi ba abin karantawa, damina biyu ta ishe shi ya manta.

Ba kowane kwali ne kyauta ba

Na taɓa koyarwa na ɗan lokaci a wata ƙaramar sakandare a wannan yanki. Wata rana aka kawo mana kwalaye shida na littattafai, gudummawa daga wasu bayin Allah. An yi taro, an ɗauki hoto, an yi godiya. Da muka zauna muka buɗe, sai ga littattafan dokokin haraji na wata ƙasa, ga jagorar wata manhajar kwamfuta da aka daina amfani da ita tun kafin a haifi ɗalibanmu, ga labaran yara masu wasa da dusar ƙanƙara cikin Turancin da ko malamanmu sai sun buɗe ƙamus. Babu ko ɗaya da Hausa. Mun tsinci kamar ashirin masu amfani, har da wani littafin taswirori da yara suka yi ta rububinsa har ya rabu gida biyu. Sauran aka mayar sito. Da na koma bayan shekara uku, suna nan inda aka ajiye su, ɓeraye sun yi sheƙa a ciki.

Ban ga laifin zuciyar waɗanda suka bayar ba. Amma malamanmu sun sha ja mana kunne cewa ba a tsinto abin da mutum ya gaji da shi a ce shi ne sadaka. Wanda ya share ɗakinsa ya turo maka tarkacen, aiki ya ƙara maka.

Manyan ƙungiyoyin duniya da ke wannan aiki su ma da tuntuɓe suka koyi darasin. Book Aid International ta samo asali ne a 1954, lokacin da Hermione Ranfurly, matar gwamnan Ingila a tsibiran Bahamas, ta fara roƙon ƙawayenta su aiko da littattafan da suka gama karantawa. Yau ƙungiyar sababbin littattafai take karɓa daga kamfanonin ɗab'i, kuma tana aikawa ne bisa abin da masu kula da ɗakunan karatu suka ce suna buƙata. Books For Africa kuwa Tom Warth ne ya kafa ta a jihar Minnesota ta Amurka a 1988, bayan ya ga wani ɗakin karatu a Jinja ta Uganda kusan babu komai a kantocinsa. Ta aiko da littattafai sama da miliyan 50 zuwa Afirka, kuma tana da jerin abubuwan da ba ta karɓa sam. Aikinsu yana da amfani, musamman ga ɗaliban jami'a da na kimiyya. Sai dai kwantena daga Amurka ba za ta taɓa zuwa da abin da yaron aji uku a Gafasa ya fi buƙata ba, wato labari da harshen da yake mafarki da shi. Wannan a hannunmu yake.

Kuma muna da shi jibge. Tun gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, Hausa ba ta daina haihuwar littattafai ba. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya buga ɗimbin su. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Daga nan aka shiga zamanin da ake kira Adabin Kasuwar Kano, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Funtuwa, lokacin da marubuci zai tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, a buga, a kai kasuwa. Ɗaruruwan littattafai ne suka fito haka. Yawancinsu a kan takarda mai araha aka buga su, ba su jure wa danshin marka, kuma yau in kana neman wasu daga ciki, ya fi sauƙi ka same su a tarin da Farfesa Graham Furniss ya haɗa a makarantar SOAS ta Landan da ka same su a Kano.

Waɗannan littattafai su ne suka koya wa dubban matan aure karatu a cikin ɗakunansu, kuma ba gwamnati ce ta kai musu ba. Masu hayar littafi ne. Ɗan shago ne a bakin layi, an ɗaure igiya an rataya littattafai kamar shanya, mai shagon yana da wani tsohon littafin rubutu inda yake sa sunan wanda ya ɗauka da ranar dawowa. A aiko yaro da 'yan canji daga cikin gida, ya karɓo na ɗaya, gobe ya dawo da shi ya karɓi na biyu. In bango ya yage, mai shago ya ɗinke da zare da allura, ya manna takardar siminti. A ganina babu ɗakin karatun jama'a da ya taɓa shiga lungunan ƙasar Hausa kamar waɗannan shaguna. Na san akwai masu ƙyamar littattafan soyayya, har a 2007 aka ƙone tarinsu a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Damuwar iyaye gaskiya ce, domin a cikinsu akwai gurɓatattu. Amma maganin wannan shi ne a samu mai ilimi ya zauna ya tace, ya ware na yara daban, na manya daban. Aikin mai kula da laburare ke nan tun asali.

Littafin da ke cikin waya

Wani zai ce, ai zamanin takarda ya wuce, a tura wa yara littattafai a waya mana, gara ba ta cin fayil. Akwai gaskiya a ciki. Yau yawancin sababbin ƙagaggun labaran Hausa a WhatsApp da Wattpad da Facebook ake fara sakin su, shafi-shafi, marubuciya ta bar na farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Malamai da yawa kuma sun daina ɗaukar manyan mujalladai, manhajar Maktaba Shamila tana cikin aljihunsu.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka ara, ka sayar, ka yi hubusi da shi, magadanka su gada. Littafin lantarki da ka saya a manyan kasuwannin intanet kuwa, galibi izinin karantawa kawai aka sayar maka, an ɗaure shi da sunanka da na'urarka. Ba ka da ikon miƙa shi ga wani laburare, ko da ka gama da shi. Kayan aro ne, kuma Hausawa sun ce ba ya rufe katara. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, ba tare da ya nemi izininsu ba. Ɗakunan karatun Amurka su kansu haya suke yi: tun 2011 kamfanin HarperCollins ya sa ƙa'idar cewa in an ari littafinsa na lantarki sau 26, sai laburare ya sake biya. Internet Archive, wadda ta riƙa ɗaukar hoton littattafan takarda tana ba da aronsu ta intanet, ta sha kaye a kotu a 2023, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa a 2024. A nan gida ma mun ɗanɗana. OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kanti ne guda ya ɓace da dare ɗaya, ba gobara ba ambaliya.

Shi kuma wanda ya sayi labari a rukunin WhatsApp ya kwashe ya watsa wa duniya da sunan taimakon masu karatu, haƙƙin wata baiwar Allah ya ci, wadda ta hana idonta barci tana danna waya har yatsunta suka sage. Ba a yin sadaka da guminta sai da yardarta. Hanyar da ta dace ita ce a je wa marubuciyar kai tsaye, a biya ta, a nemi izini a rubuce cewa ɗakin karatu kaza zai ajiye littafinta. Na tabbata da yawansu za su yi murna, domin babu marubucin da ba ya son a ce ana karanta shi a garin da bai taɓa takawa ba.

Akwai kuma waɗanda masu su suka sake su kyauta tun farko, kowa ya sauke, ya buga, ya raba. African Storybook, wadda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver ta Pratham Books a Indiya, duka suna da labaran yara masu hotuna da Hausa. Manhajar Kiwix tana ba da damar a sauke Wikipedia a karanta ba tare da data ba. Wanda ke birni yana da intanet mai ƙarfi, zai iya cika katin waya guda da waɗannan ya aika gida. Mafi alheri ma ya kai maɗaba'a a buga masa kwafi hamsin-hamsin, domin a ƙauye wayar gida ɗaya ce, tana aljihun maigida, cajinta kuma sai an kai shagon mai sola an biya. Ƙaramar yarinya ba za ta samu wayar babanta ta yi awa biyu tana karatu ba. Takarda kuwa tana iya cusa ta a ƙarƙashin filo.

Wa zai riƙe mabuɗi?

Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu sama da 2,500 a faɗin duniya. Amma galibi ba ya ba wa gari ko sisi sai garin ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen kula da shi. Ya san gini da littafi ba sa kula da kansu. Mu a nan mun fi son ranar yanke ƙyalle. An ba da kwangilar gina hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja tun 2006, aka shafe shekaru sama da goma sha biyar ana kallon kangonsa.

Gafasa ba ta buƙatar bene. Ɗaki ɗaya ya isa, a makarantar firamare ko a jikin masallaci ko kusa da ƙofar dagaci, mai rufin da ba ya yoyo da daɓen siminti. Kantoci su zama na ƙarfe, a janye su daga bango, a ɗaga su daga ƙasa, a riƙa duba ƙafafunsu duk mako da zarar damina ta faɗi. A samu malami ɗaya, ko wanda ya yi ritaya, da malama ɗaya saboda mata, a yanka musu ɗan alawus daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta ci gaban gari, ko da kuɗin sabulu ne, amma ya riƙa zuwa a kan lokaci. Su ne za su rubuta abin da ake buƙata, a aika wa 'yan garin da ke Kano da Kaduna da Abuja, maimakon a zauna jiran abin da aka ga dama aka turo. A buga hatimi a kowane littafi, a rubuta waƙafi ne kamar yadda ake yi wa na masallaci. A kuma yarda tun farko cewa wasu za su ɓace, wasu za su yage. Littafin da ya tsufa a hannun yara arba'in ya yi aikinsa. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne kwaɗon da ke ƙofar sito.

Littattafan kawu da suka tsira, mun shanya su a inuwa kwana uku, muka kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, muka kai wa wani mai ɗinkin takalmi ya ɗinke waɗanda suka saki. Wata malamar Islamiyya a unguwar ta yarda ta riƙe su a ɗan kabad ɗinta. Ta sayi littafin rubutu ta ja layi uku, suna da ranar ɗauka da ranar dawowa, irin na masu haya, sai dai ita ba ta karɓar ko kwabo. Da na je hutun Babbar Sallah ta nuna mini, ta cika shafi goma sha ɗaya.

Ina nan zaune wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe mu, ta fito da Magana Jari Ce na biyu daga cikin hijabinta, an naɗe shi a leda don kada ya yi datti. Ta ce, "Malama, na gama. Na ukun fa?"

Malamar ta dube ni. Na ukun yana cikin waɗanda gara ta cinye. Na ce mata, "Yi haƙuri 'yata, in Allah ya yarda ranar Juma'a mai zuwa zan aiko miki da shi daga Kano." Ta ce to, ta tambaya ko za ta iya sake ɗaukar na ɗaya kafin nan. Malamar ta buɗe shafi na goma sha biyu ta rubuta sunanta.